Na Ara wa 'Yata Waya Don Ta Koyi Lissafi, Mahaifinta Ya Yi Fushi

Assalamu alaikum, Hajiya. Ni matar aure ce a nan Zariya, ina sana'ar ɗinki a cikin gida, maigidana kuma ɗan kasuwa ne a Sabon Gari. 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare a ɓangaren kimiyya, kuma burinta ta zama ma'aikaciyar jinya. Tana ƙoƙari a sauran darussa, amma lissafi ya zame mata ƙarfen ƙafa, domin a zangon da ya wuce maki 31 ta samu cikin 100. Ta ce tun suna aji ɗaya ake ta canja musu malami, ajin kuma a cike yake, ba a samun sararin yin tambaya. Wata ƙawarta ta gaya mata ana koyar da lissafi kyauta a intanet, sai na riƙa ara mata wayata bayan sallar isha'i ba da sanin mahaifinta ba, saboda ya daɗe da kafa doka cewa babu 'yarsa da za ta riƙe waya sai a ɗakin mijinta. Wata biyu muna haka, ran nan ya shigo ya tarar da ita da wayar wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce na ci amanarsa, har yanzu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Abin da ya ƙara kashe mini jiki shi ne, da na duba wayar na ga har da finafinai da waƙoƙi take kallo, kuma gwajin da aka yi musu bayan nan maki 34 ta ci. Ɗan abokiyar zamana yana karatun injiniya a ABU, yana da kwamfuta, amma ina jin nauyin roƙonsa domin zamanmu da mahaifiyarsa ba wani mai daɗi ba ne. Kuɗin malamin da zai zo gida ya fi ƙarfina, kuma maigida ba zai yarda baƙon namiji ya shigo ba. Na kusa ɗaukar adashi. In saya mata ƙaramar waya a ɓoye ne, ko in haƙura in zuba wa sarautar Allah ido?

Wata uwa, daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwata. Na karanta wasiƙarki, kuma abin da ya fara burge ni shi ne ba ki ɓoye abin da ba zai yi miki daɗin faɗi ba, har kika ambaci finafinan da kuma makin da bai motsa ba. Wannan gaskiyar da kika faɗa ita ce ta sauƙaƙa mini ba ki amsa kai tsaye: kada ki sayi wayar a ɓoye, kada kuma ki naɗe hannu. Hujjar tana cikin wasiƙarki. Yarinyar ta yi wata biyu da waya a hannunta kowane dare, makinta ya tashi daga 31 zuwa 34, zaman lafiyar gidanki kuma ya girgiza. Idan kika ƙara mata wata wayar ta kanta, wadda ma ba za ta riƙa dawowa hannunki da safe ba, babu dalilin da zai sa sakamakon ya canja, sai dai ranar da maigida ya gano, kuma zai gano, abin da ke tsakaninku ya fi haka lalacewa.

Bari mu fara da shi, tunda ta wurinsa ne ƙofar take. Na san a zuciyarki kina cewa ai don ci gaban 'yarsa kika yi, kuma ban musa miki ba. Amma ki dubi abin daga inda yake tsaye: ya kafa doka saboda yana tsoron wani abu, aka karya dokar a bayan idonsa, sannan abin da yake tsoron ya bayyana a cikin wayar, ko da a ƙaramin mataki ne. Mutumin da ya ga haka ba zai saurari bayanin amfanin intanet ba sai an fara wanke masa zuciya. Ki nemi lokacin da yake cikin natsuwa, ranar girkinki, bayan ya ci abinci, ki ba shi haƙuri a kan ɓoyewar kawai, ba tare da kin haɗa da "amma ai" ba. Ki gaya masa da bakinki abin da kika gani a wayar, domin idan daga baya ya ji a wani wuri, haƙurin da kika bayar ya tashi a banza. Maganar karatun kuwa ki bar ta sai bayan kwana biyu ko uku, kuma idan kin kawo ta, ki kawo ta a matsayin matsalar da kike neman shawararsa a kanta: ga takardar sakamako, ga burin yarinya, ga lokacin da ya rage, Malam yaya za mu yi?

Akwai gaskiyar da shi ma ya kamata ya ji, cikin ladabi. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma ko rajistar ma ba ta yiwuwa sai da lambar NIN da lambar wayar da za a turo wa saƙo. Yarinyar da ba ta taɓa amsa tambaya a kan allon na'ura ba sai ranar jarrabawa, an tura ta da nauyi biyu. Saboda haka tambayar da ke gaban gidanku ita ce a hannun wa na'urar za ta kasance, a wane ɗaki, kuma da wane lokaci. Wannan tambaya ce da uba mai kishin tarbiyya zai so a ce shi ya amsa ta.

Ita kuwa yarinyar, ina roƙonki kada a mayar da ita mai laifin gidan. Budurwa mai shekarunta, ita kaɗai da waya a buɗe cikin dare, tana fama da darasin da ke sa ta jin kanta ba ta da ƙwaƙwalwa, ga YouTube da aka gina shi domin da zarar bidiyo ɗaya ya ƙare ya miƙo wani mai jan hankali, ai ko babba ne a wannan hali da wuya ya tsaya kan lissafi. Ki yi mata faɗa a kan karya alkawarin da kuka yi, wannan haƙƙinki ne, sannan ki sauke mata nauyin sirrin da kika ɗora mata, ki ce daga yau babu abin da za ku yi a ɓoye wa babanta. Ita ma ta je ta durƙusa ta ba shi haƙuri da kanta.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne ainihin ciwon. Ke mai ɗinki ce, kin san yarinyar da aka kawo miki koyo za ta iya shekara tana kallonki kina yanka kina ɗinkawa, tana gyaɗa kai tana cewa ta gane, amma ranar da kika miƙa mata almakashi kika ce ta fitar da wuyan riga, sai hannu ya ɗauki rawa. Lissafi haka yake. Mai kallon bidiyo yana jin ya fahimta domin malamin da ke cikin bidiyon ne yake ɗaukar kowane mataki, shi kuwa bin sa kawai yake da ido. Ba a sanin an iya sai an rufe wayar, an ɗauki fensir, an fuskanci tambayar da ba a taɓa gani ba. Don haka duk tsarin da za ku yi, a gina shi kan wannan ƙa'ida: bidiyon minti goma, aikin hannu na rabin awa. Idan dole a bar ɗaya, a bar bidiyon.

Abu na biyu, ina kyautata zaton ramin ba a aji biyu yake ba, yana can ƙasa. Yaron da aka yi ta canja masa malami yakan wuce wasu darussa ba tare da sun zauna ba, lissafi kuma kowane darasi a kan na bayansa yake tsaye. Za ki iya gwada wannan da kanki a daren yau, ba waya ba kalkuleta. Ki tambaye ta 7 sau 8, ki ga ko 56 zai fito nan take ko sai ta ƙirga. Ki ce ta haɗa rabi da sulusi, wato 1/2 da 1/3. Ki ce ta ɗebe 8 daga 3. Ki tambaye ta kashi 15 cikin ɗari na naira 2,000. Sannan ki ce wace lamba ce idan aka ninka ta biyu aka ƙara 3 za a sami 11. Amsoshin su ne 56, da 5/6, da 5 a ƙasa da sifili, da naira 300, da 4. Ki sa ido sosai a kan ta biyun. Yara da yawa sukan haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, su ce 2/5, ba tare da sun lura cewa 2/5 bai ma kai rabin da aka fara da shi ba, alhali ƙari aka yi masa. Idan ta ba ki wannan amsa, to kin gano inda za a fara, kuma kin gano dalilin da ya sa bidiyon darasin aji biyu bai amfane ta ba: aljebra cike take da irin waɗannan kason, sai dai an sa haruffa a gurbin lambobi. A nan ma ke malama ce ba ki sani ba, domin duk wadda ke haɗa inci 5 da rabi da inci 2 da kwata uku ta sami inci 8 da kwata ba tare da ta rubuta ba, ta riga ta san abin da ake nema. Ki miƙa mata tef ɗin awo, ku yi tare.

Yana da kyau ku san girman abin da ake nema, don kada tsoro ya fi shi girma. Karatun jinya yana buƙatar kiredit biyar: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, kuma C6 shi ne mafi ƙarancin kiredit. A jarrabawar JAMB mai neman jinya ba ya rubuta lissafi, Turanci da sauran ukun yake yi, amma fiziks da kemistiri ba sa tafiya sai da juya ƙa'idar lissafi da rabawa da ninkawa, saboda haka gyaran da za a yi zai taɓa darussa uku a lokaci guda. A tsarin da WAEC, hukumar jarrabawar kammala sakandare, ta daɗe tana bi, takardar lissafi ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi cikin awa ɗaya da rabi, ta biyu kuma tambayoyi 13 ne cikin awa biyu da rabi, biyar na farko dole, sannan a zaɓi biyar daga cikin takwas ɗin da suka rage. A takarda ta biyun ana ba da maki a kan matakan aiki, ko da amsar ƙarshe ta kuskure, abin da ke nufin yarinyar da ta saba rubuta aikinta layi bayan layi tana tara maki a inda mai haddar amsa ke fita hannu wofi. Tana aji biyu, tana da fiye da shekara a gabanta. Wannan lokaci ya isa, idan ba a ɓata shi wajen neman gajeriyar hanya ba.

To, me ke akwai a intanet ɗin da ya cancanci wahalar? Wanda zan fara ambata shi ne Khan Academy, wata makarantar koyarwa ta intanet. Wani Ba'amurke ne mai suna Salman Khan ya kafa ta a shekarar 2008 (ba jarumin finafinan Indiya ba ne, suna ne ya zo ɗaya, gara in faɗa kafin maigida ya ji sunan ya ce ga abin da yake gudu), kuma asalinta a 2004 ya fara koya wa wata 'yar'uwarsa 'yar shekara 12 lissafi daga nesa, saboda ita ma wani darasi na ƙasa ne ya tsaya mata. Kyauta ce, ba ta kasuwanci ba ce, babu tallace-tallace a cikinta. Abin da ya sa na fifita ta a kan yawo a YouTube shi ne tana da tambayoyin gwaji bayan kowane darasi, tana duba amsa nan take, tana ba da haske mataki-mataki idan an maƙale, kuma tana ajiye tarihin abin da aka yi da mintunan da aka ɗauka. Iyaye suna iya buɗe asusu nasu su haɗa da na yaro, su riƙa ganin wannan tarihi. Ki lura da wannan, domin shi ne zai kwantar wa maigida da hankali: zai iya gani da idonsa ko an yi aiki ko ba a yi ba. A manhajarta ta waya ana iya sauke bidiyo a ajiye a kalla ba tare da data ba.

Tana da nata naƙasun a wurinmu. An jera darussanta bisa azuzuwan Amurka, saboda haka kada ta nemi "aji biyu", ta rubuta sunan darasin da Turanci kamar yadda yake a littafinta. Ta fara daga sashen lissafin farko da share fagen aljebra ba tare da jin kunya ba, ta yi gwajin da ke ƙarshen kowane babi, inda ta ci ta wuce, inda ta faɗi ta tsaya. Turancin malaman na Amurka ne, amma ana iya rage saurin bidiyo a kuma kunna rubutun abin da ake faɗa. Sannan akwai darussan silabus ɗinmu, kamar lissafin nisa a kan layukan taswirar duniya, da gano alƙiblar wuri daga wani wuri, da amfani da jadawalin logarizim, waɗanda ba za ta same su a can yadda WAEC ke tambayarsu ba.

Wannan giɓin da kayan gida za a cike shi. Hukumar WAEC tana da sashen koyo a shafinta na intanet inda take sa tambayoyin shekarun baya tare da bayanin manyan masu duba takardu a kan inda ɗalibai suka fi yin kuskure a kowace tambaya. Kyauta ne, rubutu ne ba bidiyo ba, ba ya cin data sosai, kuma abin mamaki ɗalibai kaɗan ne ke leƙa shi. Akwai kuma dandalin koyo na Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, an tsara shi bisa tsarin karatun Najeriya, kyauta ne, kuma akwai wasu darussa da Hausa a ciki. Dandalin koyo na uLesson, wanda Sim Shagaya ya kafa a 2019, shi ma yana bin silabus ɗinmu, amma na biya ne, kuma ban ga dalilin da za ki taɓa adashinki dominsa ba tun ba a ga ta riƙe na kyauta ba. Idan aka zo zanen giraf da darussan da'ira da kusurwa, manhajar GeoGebra tana taimakawa, domin mutum yana jan layi da yatsa ya ga yadda kusurwa ke canjawa. Wannan na gaba ne, ba na wannan zangon ba.

Abu biyu zan ja kunnenki a kansu. Akwai manhajoji irin su Photomath da ake ɗaukar hoton tambaya su fito da amsa da matakanta, akwai kuma manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda wani lokaci sukan ba da amsar kuskure cikin cikakken ƙarfin hali. A hannun wanda ya riga ya gwada da kansa yana son ya ga inda ya kauce, suna da amfani. A hannun yarinyar da ke tsoron lissafi kuwa, hanya ce ta cika littafin aikin gida da amsoshi masu kyau alhali kai babu komai, don haka a bar su tukuna. Na biyu, idan jarrabawa ta matso za ta ji labarin zaurukan WhatsApp da Telegram masu cewa a turo kuɗi su ba da amsa kafin a shiga. Yawancinsu damfara ce, wanda kuma aka kama da satar amsa ana riƙe sakamakonsa ko a soke shi.

Ga tsarin da nake ganin za ki iya kai wa maigida. Wayarki ce, a hannunki take kwana. Ke za ki sauke darussan mako, ko da cikin rangwamen datar dare da kamfanonin waya ke yi, a matsakaicin haske wanda rubutu ke karantuwa. Lokacin karatu a kashe data idan bidiyo za a kalla, a kunna ta kawai lokacin amsa tambayoyin gwaji. A yi shi a falo ko tsakar gida, da la'asar ko tsakanin magariba da isha'i, minti arba'in ko hamsin, kwana biyar a mako, ba a kan gado ba kuma ba bayan kowa ya kwanta ba. Wayoyin Android suna da hanyar kulle allo a kan manhaja guda yadda ba a fita daga cikinta sai da lambar sirri, akwai kuma Family Link na Google da ke ba iyaye damar ƙayyade lokaci da hana sauke sabuwar manhaja. Duk mai gyaran waya a unguwar PZ ta Zariya zai nuna miki yadda ake saita su. Ki ce wa maigida shi zai zaɓi lambar sirrin. A saya mata littafin rubutu guda na wannan aiki kaɗai, kowace rana da kwanan wata, duk tambayar da ta faɗi ta sake ta bayan kwana uku, shi kuma ya riƙa sa hannu a ƙarshen mako.

Kada ma ya tsaya a sa hannu. Mutumin da ke kasuwar Sabon Gari kullum cikin lissafin riba da faɗuwa da ragi yake, kuma waɗannan suna cikin silabus. Ya ce mata ya sari buhu a naira 40,000 ya sayar a 46,000, ribar kashi nawa ce cikin ɗari. Ranar da ta ce masa 15 kafin ya gama kurɓar shayinsa, za ki ga yadda fuskarsa za ta canja. Idan kuma yana cikin masu zuwa karatun zaure, kamar yadda magidanta da yawa ke yi a garin nan, ya san kason gado shida da suka zo a Suratun Nisa'i: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Su ne daidai abin da nake zargin ya kuɓuce wa 'yarsa. Al-Khwarizmi, malamin Bagadaza na ƙarni na tara wanda littafinsa ya zama tushen aljebra, babban ɓangare na littafin a kan lissafin wasiyya da gado ya yi shi.

Idan duk da haka ya ce shi dai bai yarda ta taɓa waya ba, kada ki ja da shi, domin akwai hanyar da amfanin intanet zai shigo gidan a kan takarda. Shafin Corbettmaths, na wani malami a Birtaniya, yana da takardun aiki a kan kusan kowane darasi da amsoshinsu, da wani tsari na tambayoyi biyar a kowace rana, duk kyauta. Ana sauke su a buga a shagunan fotokwafi da ke Kongo ko Samaru da kuɗi kaɗan, a haɗa da na shafin WAEC. Ke ki riƙe takardar amsa, ita ta riƙe ta tambaya. A gaskiya, ga yarinyar da matsalarta ƙarancin aikin hannu ce, wannan hanya ba ta gaza ta wayar da komai ba, sai dai rashin mai bayani idan ta maƙale.

Mai bayanin kuwa yana cikin gidanku. Na fahimci nauyin da kike ji, kuma ba zan ce miki zaman kishi wasa ne ba, amma yaron nan yayanta ne, uba ɗaya, muharraminta, mai karatun injiniya wanda lissafin sakandare a wurinsa abin sha da safe ne. Ba sai ke kin roƙe shi ba. Maigida ne zai kira ɗansa ya ce ya ware awa ɗaya ranar Asabar ko Lahadi ya duba littafin ƙanwarsa, ya warware mata abin da ta tara na mako. Abin da ya rage gare ki shi ne ki shiga ɗakin abokiyar zamanki kafin maganar ta iso mata daga wani bakin, ki ce mata ga abin da kike fata, kuma idan tana da ƙanana a firamare ko ƙaramar sakandare a haɗa su a zaman. Ta yiwu ta karɓa da sanyin jiki, wannan ba komai, izini ake nema ba soyayya ba. A kwamfutarsa zai iya sa Kolibri, wata manhaja ta kyauta da ƙungiyar Learning Equality ta yi domin wuraren da intanet ke wahala: ana sauke darussa sau ɗaya, har da na Khan Academy da tambayoyinsu, daga nan a yi ta amfani ba tare da data ba. Da wannan kwamfutar ce kuma za ta saba da danna amsa kafin ranar JAMB. Ki tuna dai shi ma ɗalibi ne, lokacin jarrabawarsa a ɗaga masa ƙafa, kuma ɗan kwanon abinci ko ɗinkin sallah ba zai yi yawa ba.

Makarantar ma kada a bar ta a baya. Ki je, ko ku je tare da maigida, ku ga malamin lissafin da ke riƙe da ajin yanzu, ba da ƙorafi ba, domin shi ma gadon ajin ya yi. Ku roƙi jerin darussan zangon don abin da take yi a gida ya riƙa tafiya kusa da na aji, ku tambaye shi inda ya ga ta fi rauni. Malamin da ya ga iyaye sun tako yakan ƙara sa ido a kan yaro. Idan zaman da yayanta bai yiwu ba, garin nan cike yake da ɗalibai mata masu karatun lissafi da koyarwa a manyan makarantu, kuma gida uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su ɗauki ɗaya ta riƙa zuwa sau biyu a mako, har da ƙawar nan da ta fara kawo labarin intanet. Mace ce, a cikin gida ne, sharaɗin maigida bai karye ba.

Adashin kuwa, ga inda zan so ya tafi: kalkuleta ta kimiyya irin wadda aka yarda a shiga jarrabawa da ita, domin ta saba da maɓallanta tun yanzu, da akwatin kayan zane, da littafin giraf, da littafin tambayoyin shekarun baya, da kuɗin buga takardu da 'yar data. Abin da ya saura ki ajiye shi domin rajistar NECO bayan ta WAEC, saboda samun dama biyu a shekara ɗaya yana rage wa yaro fargaba ƙwarai.

Kada ki sa ran makin makaranta ya yi tsalle a wata na farko, tunda ƙasa za ta koma tana cike rami alhali ajin yana gaba. Abin da za ki duba bayan mako shida shi ne ko tana zama aikin ba sai an kira ta ba, ko tambayoyin da ta faɗi a farko yanzu tana cin su, ko kuma ta fara cewa "a nan ne ban gane ba" maimakon "ban iya ba". Idan mako shida ya wuce ana aikin da gaske babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, a duba wasu abubuwan: ko tana ganin allo da kyau daga inda take zama, ko aikin gida yana bar mata lokacin barci, ko kuma Turancin tambayar ne ke ɗaure mata kai ba lissafin ba, wanda za ki gane idan yayanta ya faɗa mata tambayar da Hausa ta amsa daidai. Ki rubuto mini amsoshin da ta ba ki a tambayoyi biyar ɗin nan kamar yadda ta faɗe su, da kuma abin da Malam ya yanke, sai mu ga babin da za ta fara da shi. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya ba ta nasara.